Me ya sa mai jiki kan yi jinkirin farkawa bayan tiyata?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da masu zaman jira a ƙofar ɗakin tiyata. Na daɗe ina aikin sa marasa lafiya barci kafin in yi ritaya, kuma ƙorafin da na fi ji shi ne: "Sun cika mata magani."

Kwanan baya ma sai da na ji shi a gidanmu. An yi wa matar ƙanena aiki na kusan awa huɗu, ita kuwa mai jiki ce, tubarkalla. Wata siririyar yarinya da aka fito da ita daga baya har ta fara neman ruwa, tamu tana ta barci. Ƙanena ya tayar da hankalin kowa.

Iskar sa barci da ake shaƙa wa mara lafiya daga huhu take shiga jini. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana samun kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, shi ya sa cikin 'yan mintuna barci ke ɗauke mutum. Tsoka a hankali take sha. Kitse kuwa jini kaɗan ke zuwar masa, amma in aiki ya yi tsawo sai ya yi ta tara maganin kamar soso. Da an rufe iskar, ta hanyar da ta shiga take fita, wato numfashi; abin da kitsen ya ɓoye sai ya riƙa komawa jini kaɗan-kaɗan.

Irin iskar ma da bambanci. A zamaninmu wani maganin shaƙa mai suna halotan muka fi amfani da shi, yana narkewa sosai a jini, ga jinkirin fita, kuma hanta ke sarrafa kusan kashi 20 nasa. Don haka nake jin haushin mai ɓoye wa likita cewa ya taɓa yin shawara ko ciwon hanta. Isofuluren da sebofuluren sun fi shi saurin barin jiki.

Na ce wa ƙanena ya duba ƙirjinta, numfashi na tafiya daidai, ma'aikata kuma na lura da ita. Kafin la'asar ta buɗe ido, tana tambayar wa aka bar wa yara.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Zariya