Wasiƙa zuwa ga Bashir, kan Hausar Hanifa

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Maman Hanifa da yara. Yaya sanyin Landan? Mu nan sai godiya, Hajiya ma tana gaishe ka.

Saƙonka ya iso, kuma maganar Hanifa ce ta tsaya mini a rai. Ka ce duk ranar Asabar kana zaunar da ita, ka rubuta mata kalmomin Hausa da ma'anarsu da Turanci, ta haddace, kafin mako ya zagayo sun bi iska, har ka fara tunanin haƙura. Don Allah kada ka haƙura. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. A ganina zaman ne ya yi yawa. Kunnenta da idonta suna aiki, amma hannunta da ƙafarta an bar su a kujera, alhali suna da rabo a cikin fahimtar magana.

A shekarar 2004 wasu masana a Kambirij, nan kusa da kai, Olaf Hauk da Ingrid Johnsrude da Friedemann Pulvermüller, sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su kalmomin aikatau su karanta a zuci, ba tare da sun motsa ba. Akwai na baki kamar lasa, da na hannu kamar tsinta, da na ƙafa kamar shura. Sai aka ga in mutum ya karanta kalmar ƙafa, wurin da ke motsa ƙafa a ƙwaƙwalwa, ko maƙwabcinsa, yana farkawa. Haka na hannu, haka na baki. Mutum yana kwance shiru, amma ƙwaƙwalwarsa ta taɓo aikin da kalmar ke nufi.

Wanda ya fi ratsa ni kuwa shi ne aikin Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow na 1998. Sun lura da yaran da aka haifa makafi, waɗanda ba su taɓa ganin wani yana ishara da hannu ba. In suna bayani, hannuwansu na yawo kamar na masu gani. Yaro zai lanƙwasa hannu ya karkata shi, ya nuna yadda ake juye ruwa daga mazubi. Ko da an shaida masa cewa mai sauraronsa ma makaho ne, ba ya fasawa. To wa yake nuna wa? Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne, hannun yana taya shi tunanin ne. Ka lura da kanka in kana yi wa wani kwatancen hanya a waya, za ka ga hannunka yana shan kwana alhali mutumin ba ya ganinka.

Amma ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba, don na san halinka, kana iya zuwa ka tono. A 2002 Arthur Glenberg da Michael Kaschak sun ba da rahoton cewa in mutum ya karanta jimla irin "rufe durowa", ya fi saurin tura hannu gaba don ba da amsa, in kuma "buɗe durowa" ce, ya fi saurin janyo hannun wajen jikinsa. Sakamakon ya yi suna ƙwarai. Daga baya ɗakunan bincike 18 suka haɗu suka sake gwajin, su biyun ma suna cikin masu aikin, kuma a 2021 aka fito da sakamako: ba a ga bambancin ba. Wannan gaskiyar tasu ta ƙara musu daraja a idona. Haka kuma Gilles Vannuscorps da Alfonso Caramazza sun nuna a 2016 cewa mutanen da aka haifa ba hannuwa suna gane aikin hannu in sun gani, daidai da kowa. Saboda haka duk wanda ya ce maka sai da motsin jiki ake fahimta, ya zarce gona da iri. Jiki mataimaki ne, kuma taimakonsa ya fi fitowa a wajen koyo da riƙewa, wato daidai inda Hanifa ke buƙata.

Tun shekarun 1960 James Asher na jami'ar San José a Kalifoniya ya gwada koyar da Jafananci da Rashanci ta hanyar umarni. Malami ya ce "tashi" ya tashi, ɗalibai su tashi, ya ce "je ƙofa", su je. Ba a matsa musu su yi magana da wuri, sai sun ji bakinsu ya buɗe. Ka tuna yadda muka koyi alwala. Ba wanda ya ba mu jerin gaɓɓai a takarda, buta aka miƙo mana, ana faɗa muna yi.

Don haka ka ajiye littafin nan tukuna. Ka shiga kicin da ita. "Hanifa, ɗauko cokali. Zuba gishiri. Juya miyar. Ɗanɗana." Da farko ka yi tare da ita, kada ka fassara ko kalma ɗaya. Bayan ta kama, ka naɗe hannunka ka faɗa kawai, ka ga ko za ta yi. Sannan ka riƙa sauya mata tsari: "Sa cokali ƙarƙashin tebur, kin ga Umma, kai mata kofi." In ta yi kuskure ka sake nunawa, ban da faɗa. Ranar da ta fara ba ka umarni da kanta, ka bi, ko da ta ce ka yi tsalle.

Wannan hanya tana da iyaka. Kunya da kara da amana ba a ɗauko su daga kan tebur. Su sai ta ji ana faɗarsu a lokacin da abin ya faru, sai tatsuniya, sai hira da kakanninta. Shi ya sa nake roƙonka ka riƙa haɗa ta da Hajiya ta bidiyo, ka kuma bar su su biyu ba tafinta.

Ka sanar da ni yadda kuka yi, musamman kalmomin da suka fi saurin zama mata. Ka gaishe da Maman Hanifa da kyau, ka shafa mini kan yaran. Allah ya raya su, ya sa albarka.

Naka,
Kabiru