Wasiƙa zuwa ga ɗana a Yamai

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Birni lafiya lau, sai zafin bazara da layin jarkoki a bakin famfo, wanda ka saba gani.

Kawunka ya dawo ranar Laraba, kuma bai shigo gidan nan da fara'a ba. Ya ce ya ji labari a taron ma'aikatarku wani na gaba da kai ya tari numfashinka kana tsakiyar bayani, kai kuma ka bugi tebur, ka ɗaga murya, ka kwashe takardunka ka fice. Ban tambaye shi wa ya gaya masa ba. Ban kuma ƙaryata ba, domin na san jinin da ke jikinka.

Tun ranar barcin kirki ya gagare ni. Korar aiki ba ta dame ni ba, arziki na Allah ne. Zuciyar nan ta gidanmu nake ji maka tsoro. Ka san inda ta kai baffanka, ka san shekarun da gwaggonka ta yi ba ta taka zauren nan ba. Da me aka fara? Da "ku bari in gama" aka fara, a kan tabarmar rabon gado. Idan na tuna idonsa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi, sai in ga fuskarka. Wallahi ba zan iya ganin haka sau biyu ba.

Ban ce ka haɗiye maganarka kowa ya taka ka ba, wanda ya saba yin shiru daga baya ko tambayarsa ba a yi. A cikin Buhari, daga Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) yana yi wa sahabbai magana sai wani balaraben ƙauye ya jefo tambaya a kan tashin alƙiyama. Bai tsawata masa ba, bai kuma saki zancensa ba. Sai da ya kammala, sannan ya nemi mai tambayar ya amsa masa. To kai wane ne?

Idan an katse ka, dakata, ja numfashi, kar ka yi gasar murya da kowa. Ka dubi shugaban taro, ba wanda ya katse ka ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in kai aya." Ka sa alƙalami a kan layin da ka tsaya, in ya yi shiru ka ɗora daga nan. Ba kuma duk mai sa baki ne maƙiyinka ba. Wani bai gane ba ne, wani ɗoki ne ya ɗebe shi. Wanda ya mayar da abin sana'a, ka same shi a birosa bayan an watse, ku biyu, ka gaishe shi, sannan ka faɗa masa. Babba ba ya karɓar gyara a bainar jama'a. Ka kuma rage doguwar shimfiɗa, ka fara da abin da ya kawo ka. Mai kewaye-kewaye shi ake yanke wa zance.

Kai da kanka fa? Sallar da ta wuce, a tsakar gidan nan, mahaifiyarka na magana kana ƙarasa mata, har ta tsuke bakinta ta koma madafi. Na gani, na yi shiru saboda baƙi. Takardar da ka samo a Jami'ar André Salifou ba ta ba ka wannan izini ba. Kana yaro ka yi ta ƙorafi don nakan kai ka ƙofar fadar Sarkin Damagaram in zaunar da kai ba motsi. Ka ɗauka mugunta ce. So nake ka ga yadda dattijo ke cire takalmi, ya durƙusa, ya jira a ba shi baki, kuma a saurare shi har ƙarshe.

Na yi maka zafi, na sani, amma kai ne babba, ƙannenka kai suke kallo. Ka je ka ba mutumin nan haƙuri a kan bugun tebur, bayaninka kuwa ka sake kawo shi a taro na gaba. Mahaifiyarka ba ta san zancen ba tukuna, ka kira ta ranar Juma'a. A shafa min kan jikokina. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Damagaram