Makonnin farko bayan tafiyar maigida soja

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarka in yi magana kan halin da iyalan sojoji ke shiga da zarar an tura maigida bakin daga. Yau kwana 19 da tafiyar mijina. Ranar sallama da sauƙi, domin gida cike yake da 'yan uwa. Wuyar sai bayan mako guda, kowa ya watse, ƙaramin ɗanmu ya fara tsayawa bakin ƙofa da yamma yana jiran Babansa.

Babbar 'yarmu kuwa barci ya ƙaurace mata, ga saurin fushi a makaranta. Malamarta ce ta ankarar da ni, Allah ya saka mata da alheri. Na daina ce musu "gobe zai dawo", don yaro ba ya manta alkawari. Na faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, ban kuma canja lokacin kwanciya ko na karatu ba, na ga hakan yana kwantar musu da hankali.

Waya sai ya samu hali. Wani lokaci kwana uku shiru, kuma dokar aikinsa ta hana shi faɗin inda yake. Shi ya sa nake roƙon jama'a su daina yaɗa hotuna da jita-jitar fagen fama a Facebook da WhatsApp kafin rundunar soja ta tabbatar. Mu ne muke kwana da fargaba. Maƙwabta kuma, ku riƙa leƙo mu bayan makon farko.

Taku,
Matar wani soja