Wasiƙa daga Tawa kan rubuta salsalar gidanku

Zuwa ga aminina Malam Isufu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin Faransa. Na ga saƙonka cewa kana son haɗa salsalar gidanku a waya don yara su san tushensu. Na ji daɗin wannan niyya ƙwarai.

Manhajoji biyu zan ambata maka. FamilySearch kyauta ce gaba ɗaya, sai dai ta cocin Momon ce ta Amurka, kuma duk mamacin da ka saka, kowa na iya ganinsa har ya gyara. Rayayyu ne kawai ke ɓoye. MyHeritage kuwa bishiyar, wato zanen salsalar, taka ce kai kaɗai, kyauta har mutum 250, daga nan sai biya. Gida irin naku zai wuce 250 tun kafin ka gama da jikokin kakanka, ka san da haka tun yanzu.

Kada ka sa rai manhaja ta binciko maka kakanni. Kundayen da take lalubawa galibi na Turai da Amurka ne. Kundinmu na bakin tsofaffi, musamman mata, domin gwaggo ta fi baffa riƙe wa ya haifi wa. Ka sa ƙanenka ya zauna da su ya naɗi murya, minti 20 zuwa 30 a zama ɗaya, ya turo maka ta WhatsApp. Ya haɗa da uwa ɗaya ko biyu daga kishiyoyi, don kowane ɗaki da abin da ya riƙe. In an zo sunan miji ko ɗan fari, tsohuwa za ta yi alkunya, sai a tambayi wani daga baya.

Ka fara da kanka, ka hau sama. Manhaja za ta nemi sunan dangi irin na Turawa. Sa sunan uba a gurbin, laƙabi kuma a wajen ƙarin suna. Ka tsaya kan rubutu ɗaya: Mahamadou, Mamane da Muhammadu na iya zama mutum guda, in ka sake sai ya fito sau uku.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne gidan mata da yawa. Shigar da kowace mata daban, har wadda aka rabu da ita, sannan ka rataya kowane ɗa ƙarƙashin uwarsa. Ɗan riƙo da agola a nuna matsayinsu, domin wata rana wani zai buɗe bishiyar nan kan maganar gado. A auren zumunci kuma, kada ka sake ƙirƙirar kaka. Zaɓi wanda ke ciki ka haɗa.

Shekaru fa, kada ka gaskata 1 ga Janairu da ke katin tsofaffi, yawancinsa ƙiyasi ne. Auna da abin da suka tuna: samun 'yanci 1960, hawan Shugaba Kunce mulkin Nijar 1974, yunwar 1984. Ka rubuta "wajen 1960" in ba tabbas.

Duk wata, ka shiga shafin MyHeritage ta kwamfuta ka sauke fayil ɗin GEDCOM, wato kwafin bayanan bishiyarka, ka adana. Hotuna da muryoyi ba sa bin wannan fayil, su sai ka kwafe su daban.

Ka fara da Gwaggo Hajiya tun kafin damina, an ce ƙarfinta ya ragu. Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Abdu