Rahoton Ayyukan Shekara: Makwancin Ruwan Tsohon Reshen Kogi

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar da ta ƙare a makwancin ruwan da muke kula da shi. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji, za a karanta shi dabam a babban taro. Wannan rahoton na aikin fili ne.

Yawancin ƙarfinmu a bakin reshen ya ƙare, wato inda yake haɗuwa da babban kogi. Wasu membobi sun yi ƙorafin cewa an bar dashen itatuwa da kafa allunan sanarwa an koma kwasar laka, don haka bari mu faɗi dalili. Irin wannan makwanci tsohuwar hanyar kogi ce. Ko dai kogin ya sauya hanya da kansa, ko aka miƙar da shi don gudun ambaliya, sai lanƙwasar ta saura a baya da ruwa kwance. Da wannan baki take shaƙar numfashi. In kogi ya cika, sabon ruwa ya shigo, kifaye su biyo shi su yi ƙwai a inda igiyar ruwa ba za ta kwashe 'ya'yansu ba, in ya janye ƙananan su bi shi su koma kogi. To amma ruwan da ya shigo da gudu yana rage sauri da zarar ya tsallake bakin, nan take kuma yake sauke yashi da lakar da ya ɗauko. Ciyawa ta kama, ta ruɓe, ta ƙara tudu. Ko ba wanda ya aza tubali ɗaya, makwancin da aka ƙyale fadama zai koma, daga nan ya bushe. A daji ba asara ba ce, domin kogin zai yanko wata lanƙwasar a gaba. A cikin birni an ɗaure shi da siminti da gadoji, ba zai sake yanko wata ba.

Birnin Viyana na ƙasar Ostiriya ya riga mu ganin haka. An miƙar da kogin Danub tsakanin 1870 da 1875, tsohon reshensa ya zama tafki a cikin gari. A farkon shekarun 1990 gansakuka ta turnuƙe tafkin, ciyayin ƙarƙashin ruwa suka mutu, sai da hukumar birnin ta shafe shekaru tana gyara. Fadamar Lobau da ke gefen birnin kuwa tana cikin gandun ƙasa da aka kafa a 1996, amma rassanta na ci gaba da cikewa saboda ganuwar da ta raba su da kogin. Doka ta hana gini a wurin, ba ta hana laka taruwa ba.

Shi ya sa bayan mun sami izinin hukuma, muka jira ruwa ya ja baya, lokacin ƙwan kifi ya wuce, sannan muka buɗe siririyar hanya a bakin da shebur da kwanon sarki. An ba da shawarar a ɗauko motar haƙa ƙasa a gama a yini guda. Kwamiti bai amince ba. Lakar ƙasan makwanci ta daɗe tana haɗiye dattin gari, in aka dama ta gaba ɗaya sinadarin fosfaras da ke kwance a ciki zai taso ya ciyar da gansakuka, ga kuma asarar ƙananan halittun da ke cikinta, waɗanda su ne abincin kifi da tsuntsaye. Abin da muka kwaso mun jibge shi sama da inda ambaliya ke kaiwa, don kada ruwan farko ya mayar mana da shi. Da kogi ya cika, ruwa ya shiga ta hanyar, kuma masunta sun ga 'ya'yan kifi a gefen da suka daɗe ba su gani ba. Wannan alama ce mai daɗi, amma hanyar za ta sake toshewa. Aiki ne na kowace shekara, ya kamata mu sa shi cikin kasafi haka nan.

Ruwan kwata

Matsala ta biyu ta fi ƙarfinmu, sai dai mun rage mata kaifi. Kwatocin unguwannin da ke sama duk a nan suke zuba: ruwan wanki, baƙin mai, leda da robobi, wani lokaci har da na masai. Ledar ita ce ido ke gani, ita ce kuma ta fi sauƙin kwashewa. Mai kisan shi ne wanda ba a gani. Ƙwayoyin da ke ruɓar da datti suna cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa, alhali ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta da yawa tun farko: kusan miligiram 9 a lita idan zafinsa na digiri 20, ya sauko wajen 7.5 a digiri 30. Yawancin kifaye kan fara galabaita in ta yi ƙasa da 5, in ta sauka ƙasa da 2 kuwa sai a wayi gari suna yawo ciki sama.

Rukunin awo sun koma ɗaukar ma'auni da asuba maimakon da rana, kuma wannan ƙaramin sauyi ya fi duk kayan da muka saya amfani. Da rana tsirrai da gansakuka na fitar da oksijin, sai na'ura ta nuna lafiya lau. Da dare suna shaƙe ta kamar kowa, saboda haka gab da fitowar rana ake ganin gaskiyar ruwan. Awon ya nuna abin da masunta suka daɗe suna faɗa: lokacin haɗari shi ne ruwan sama na farko bayan dogon fari, wanda ke wanko dattin watanni ya antayo a dare ɗaya.

Mun sa ragar ƙarfe a bakin babbar kwata, muka haƙa rami a gabanta don laka ta kwanta, sannan muka dasa ciyayin fadama da ruwan zai ratsa kafin ya isa makwancin. Dabarar ba tamu ba ce. Dausayin gabashin Kolkata a Indiya, mai faɗin hekta 12,500, ya daɗe yana tace ƙazantar birnin ta tafkunan kifi, har ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, a 2002. Namu ɗan ƙarami ne, kuma ragar na neman mai kwashe ta bayan kowane ruwa. Muna godiya ga matasan da suka ɗauki wannan nauyi ba tare da an biya su ba.

Batun kainuwa a taƙaice: mun kwashe baƙuwar nan mai fure, wadda asalinta daga yankin Amazon ne, wadda kuma kan ninka kanta cikin kusan mako biyu in ta sami ruwa mai datti. Irinta na iya shekaru a cikin laka bai mutu ba, don haka kada kowa ya ɗauka an gama. Bado ba mu taɓa shi ba. Kachalla mun rage ta a inda take neman rufe tsakiyar ruwa, muka bar ta gefe saboda masu sheƙa a ciki.

Tsuntsaye da maƙwabta

Mun yi ƙidayar tsuntsaye a tsakiyar Janairu, daidai da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi tun 1967. An ga zalɓe da balbela da agwagwan ruwa, da baƙin da ke ratsowa daga nesa su huta su ci gaba. Cikakken jerin yana hannun rukunin tsuntsaye ga mai son dubawa. Muna roƙon membobi su daina yaɗa cewa tsuntsaye sun ƙaru saboda aikinmu. Ƙidayar shekara ɗaya ba ta isa hujja ba. Sai an maimaita a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, shekaru a jere. Ɗaliban makarantu sun kawo ziyara ranar 2 ga Fabrairu, Ranar Dausayi ta Duniya, ranar da aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Ramsar a ƙasar Iran a 1971.

Zamanmu da maƙwabta ya fi na bara armashi. Kokensu na sauro ba ƙarya ba ne, amma da muka zagaya tare, tsutsar sauron a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da kwatocin da suka toshe muka fi samunta. A buɗaɗɗen ruwa kifi da 'ya'yan mazari na cinye ta. Tsargiya kuwa haɗari ce ta gaske a duk ruwan kwance da mutane ke bahaya kusa da shi, shi ya sa ba mu yarda yara su yi wanka ba. Da masunta mun daidaita a kan abu biyu: ba kamu da gidan sauro ko raga mai ƙananan ido, kuma a bar ƙuryar sama ta makwancin ta huta lokacin ƙwai. Su ke tsare wannan yarjejeniya da kansu.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne cike gefen ruwa da ɓaraguzan gini cikin dare, yau tifa ɗaya gobe biyu, jibi a ce fili ne. Rahoton sakatariyar Ramsar na 2018 ya ce duniya ta rasa kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015. A birni da irin wannan ɗauki ɗai-ɗai ake yin asarar. Ga masu cewa ina amfanin wurin, lissafin ba wuya: hekta guda da ruwa ya hau mita ɗaya ta riƙe lita miliyan 10. Duk inda aka cike, wannan ruwa gidajen da ke ƙasa zai nufa. Mun ɗauki hotuna, mun kai ƙara, an dakatar da wuri ɗaya. Takardar neman a ayyana makwancin a matsayin wurin da doka ta keɓe na gaban hukuma tun bara, har yau ba amsa, kuma muddin ba a yi safiyo an kafa duwatsun iyaka ba, kowa na iya cewa nasa ya kai bakin ruwa.

A shekara mai zuwa kwamiti na neman amincewarku a fifita kuɗin safiyon a kan komai, a sake buɗe bakin reshen, a sa raga a kwata ta biyu. Muna kuma son kafa sandar awo a bakin don mu riƙa rubuta tsayin ruwa kullum, mu san kwanakin da makwancin ke haɗe da kogi. Wannan na bukatar mutanen da ke zaune kusa, masu iya leƙawa da safe. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi daga babban taro.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.