Rahoton ayyukan shekara ga iyayen yaranmu da suka tashi daga ciwon daji, Kumasi

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Ga abin da ƙungiya ta yi a bana. Lissafin kuɗi Hajiya ma'aji ce za ta karanta ranar taro da rasit a hannu, shi ya sa ban saka shi nan ba.

Maganar makaranta ce ta fi cin lokacinmu. Kusan duk zaman da muka yi a Aboabo sai wata uwa ta miƙe ta ce yaro ya gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, suma ta fito, jiki ya murmure, amma karatu ya ƙi, ticha ya rubuta a allo kafin yaron ya kwafi layi biyu har an goge, a islamiyya kuma a biya masa da yamma da safe ya nema ya rasa, ƙarshenta bulala wai wasa ya yi masa yawa. Toh wallahi ba lalaci ba ne, likitoci sun daɗe da sanin wannan. Yaron da aka haska masa kai da na'urar radiyoterafi, ko aka riƙa yi masa allurar methotrexate ta gadon baya kamar masu cutar kansar jini, ko wanda ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa, yakan samu raguwar saurin fahimta da natsuwa da riƙe abu a kai, kuma wanda aka yi wa maganin yana ƙarami sosai abin ya fi taɓa shi. Wani sa'in ba ya nunawa sai bayan shekaru, lokacin da aji ya yi nauyi. Akwai kuma maganin kemo mai suna cisplatin da ke taɓa ji, siraran sautuka irin su "s" ne ke fara ɓace masa, sai a ce ya raina mutane ana kira yana shiru.

A zaman da muka yi kan bincike mun kawo na Amurka da aka fara a 1994, wanda asibitin St. Jude ke jagoranta. Sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna kusan kashi 62 cikin ɗari na manyan da suka warke tun suna yara suna ɗauke da wata lalura mai daɗewa. Na ga fuskoki sun canza da jin haka, don haka ina ƙara tunatarwa, mutanen nan tsakanin 1970 da 1986 aka gano ciwonsu, zamanin da ake yawan haska kai, yanzu an rage sosai. A daina tura rabin magana a WhatsApp don Allah.

Abin da muka yi a aikace, mun bi iyaye makarantu a Asawase da Tafo muka roƙi a zaunar da yaran a gaba, a ƙara musu lokaci, a riƙa ba su umarni ɗaya bayan ɗaya. Wasu malaman sun karɓa hannu bibbiyu, wasu sai da muka yi ta sintiri. Malaman islamiyya ma sun fi saurin ganewa da zarar uwa ta buɗe leda ta nuna katin asibiti. Mun kuma dage kowa ya nemi likita ya rubuta masa sunan magungunan da aka ba ɗansa a takarda ɗaya, saboda wanda ya sha doxorubicin zuciya ake bibiya, mai ciwon Wilms, wato kansar ƙoda, da aka cire masa ƙoda kuma awon hawan jini.

Ranar 15 ga Fabrairu, ranar kansar yara ta duniya, mun kai ziyara sashen yara na asibitin Komfo Anokye, wato Gee. A Satumba, watan wayar da kai kan kansar yara, an ɗaura kyallen ruwan zinare da ke alamar hakan, shikenan ba wani dogon biki.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2018 ta sa burin kashi 60 cikin ɗari na yara masu kansa su rayu nan da 2030, ga inshorar NHIS ta ɗauki kansar yara kala huɗu, kun ga masu warkewa ƙaruwa za su yi, aikinmu ma haka. Amma kuɗin trotro na komawa a duba yaro daga aljihu yake fita, nan ne kuɗin wata-wata ke tafiya. Baɗi muna son duk yaron da ya sha cisplatin a gwada masa ji, masu shirin jarrabawar BECE kuma a nema musu lesin. Wanda ake bi bashi ya tura ta MoMo kafin ranar taro.

Sakataren ƙungiya