A ba masu zanen barkwanci fili a jaridarmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Agege, kuma tun ina yaro nake ma'abocin zanen barkwanci. Ina roƙon ku yi mana rubutu a kan Wale Adenuga, wanda ya ƙirƙiro Papa Ajasco, domin 'yan Arewa da yawa sun san Papa Ajasco a talabijin amma ba su san da alƙalami aka haife shi ba.

Adenuga ya yi karatu a Jami'ar Legas, fannin kasuwanci ma ya karanta, ba zane ba. A 1976 ya fara fitar da mujallar Ikebe Super, inda Papa Ajasco mai sanƙo da Pa Jimoh da Boy Alinco suka fito. A shagon maigidana kwafi ɗaya ke zagaya mu duka har bangonsa ya yage. Turancinmu bai taka kara ya karya ba, amma da ka ga idon Papa Ajasco ya faɗa kan wata mace ka san yau akwai rigima a gida. Wasu zanen kam sun yi rashin kunya, sai mun ɓoye wa manya. Daga baya Adenuga ya mayar da su Papa Ajasco wasan talabijin, ya kawo shirin Super Story, ya kuma buɗe makarantar koyon fim ta PEFTI a nan Legas.

Mu ma muna da gwanaye, ga Mustapha Bulama na Daily Trust. Ku ware ko rabin shafi duk mako, da Hausa, jikokina su samu abin karantawa.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas